Sigari ta mutu, amma riga ta riƙe: fashin baƙi kan ragowar hayaƙin taba a jikin tufafi

Akwai wata kariya da kusan duk magidanci mai shan sigari ke da ita a baki, kuma tsakaninsa da Allah yake faɗinta: "Ai ni ba ni sha cikin gida." Gaskiya ne kuwa. A Gusau da wuya ka ga mai iyali ya kunna taba gaban matarsa da 'ya'yansa, balle gaban mahaifinsa, kunya ba za ta bar shi ba. Sai dai ya zagaya bayan shago, ko ya raɓe gefen tasha, ko ya tsaya nesa kaɗan da teburin mai shayi bayan isha'i, ya zuƙi kara ɗaya ko biyu, ya jefa goro ko alewa a baki, sannan ya kama hanyar gida. A lissafinsa hayaƙi ya bi iska, magana ta ƙare.

Binciken da aka tara cikin shekaru ashirin da suka wuce ya nuna ba duka hayaƙin ke bin iska ba. Wani kaso na zama a cikin rigar mai sha, da hularsa, da gemunsa, da fatar yatsunsa, ya raka shi har ɗaki. Tun a 2004 wani masani mai suna Georg Matt da abokan aikinsa a San Diyego ta Amurka suka auna ƙurar gidaje da fitsarin jarirai a rukuni uku: gidan da ba mai sha, gidan da ake sha a ciki, da gidan da iyaye ke fita waje su sha don kare jaririnsu. Rukuni na uku ya fi na biyu sauƙi nesa ba kusa ba, wannan ba gardama. Amma gurɓatar da aka samu a cikinsa ta ninka ta gidan da ba mai sha sau 5 zuwa 7. Ke nan fita waje na rage abin, da babu gara ba daɗi, sai dai ba ta kawar da shi. A 2009 likitan yara Jonathan Winickoff na birnin Bostan ya fito da batun fili a wata mujallar likitocin yara, daga nan masana suka duƙufa a kansa.

Kafin a gane yadda hayaƙi ke zama a tufa, sai an san mene ne hayaƙin. Abin da ido ke gani yana tashi fari-fari ɗigo ne ƙanana ƙwarai masu danƙo, su ne kwaltar da ke rina yatsun tsohon mashayi da haƙoransa, suna yawo cikin wasu iskoki da ba a gani. A cikin wannan haɗin akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa. Wasunsu masu saurin tashi ne, da an buɗe taga sun tafi. Wasu kuwa, da nikotin a gabansu, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, ba sa son zama cikin iska. Da sun taɓa bango, ko labule, ko zare, sai su lafe. Ba kuma lafewar har abada ba ce, suna sakin jiki a hankali suna komawa iska kaɗan-kaɗan, kwanaki, makonni, har watanni, zafi da laima kuma na ƙara musu sauri.

Matanmu sun riga masana sanin wannan, ta wata fuska. Wadda ta zuba turaren wuta a kasko, ta kifa kabbasa, ta lulluɓe ta da atamfa, ta san hayaƙi na shiga zare ya zauna. Ta san bayan kwana uku in ta buɗe sif ƙamshin zai tarbe ta, kuma kayan da ta jera kusa da wannan atamfar su ma sun ɗauka. Abin da tufa ke yi wa turare shi take yi wa taba, ba ta zaɓe.

Nan ne maganar irin yadi ta shigo, kuma nan ne nake ganin lamarin ya fi shafarmu. A 2014 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya reshen Riverside suka turara yadi iri biyu da hayaƙin sigari, ɗaya na auduga irin na tawul, ɗaya na roba, suka ajiye. Bayan wata 19 suka dawo suka tarar har yanzu sinadaran na nan da yawa. Da suka jiƙa yadin a ruwa na awa ɗaya, na audugar ya saki nikotin ninki 41 na abin da na roba ya saki, ya kuma saki wasu sinadarai masu jawo kansa ninki 78. Dalili shi ne zaren auduga mai shan ruwa ne, cike yake da ƙananan kafofi, nikotin kuma na son wuri mai laima, sai ya shige can ciki. Zaren roba sumul yake, abin da ya faɗa masa galibi a sama yake tsayawa.

To a dubi abin da muke sawa. Shadda mai kyau auduga ce. Atamfa auduga ce. Zanin goyo, majanyi, tawul ɗin jariri, duk auduga. Babbar riga da 'yar ciki da wando kan ci yadi goma ko kusa da haka, ga aiki mai kauri a wuya da ƙirji da aljihu, daidai inda hayaƙi ke bi in ya fito daga baki da hanci. Sannan ga al'adarmu da shadda: ba a son a yawaita kai ta ruwa, don maiƙonta na dushewa. Mutum zai sa gezna ranar Juma'a, ya je ɗaurin aure da ita ranar Asabar, ya dawo ya rataye ta ta sha iska, ya ninke ta a kan karinta ya mayar cikin sif ko akwati. Sai ta yi sawa uku ko huɗu kafin ta je wajen mai wanki da guga. In a kowace sawa an sha kara biyu a cikinta, tara wa take yi, kuma tana kwance ne a kan wasu kaya, wani lokaci har da na yara, tunda ba kowane gida ke da sif biyu ba. Hula ta fi muni. Zanna ko kube kan yi wata da watanni a ka kafin ta ga mai wankin hula. Rigar sanyi ta gwanjo da ɗan kabu-kabu ke sawa tun shigowar hunturu, sau da yawa ba ta ganin ruwa sai sanyi ya wuce, alhali a cikinta yake shan tabar asuba don, a cewarsa, ya ɗumama jiki.

Da abin ya tsaya a kan nikotin na zaune yadda ya shiga, da da sauƙi. Amma yana rikiɗa. A 2010 masana a ɗakin binciken gwamnatin Amurka da ke Berkeley suka nuna cewa nikotin da ya lafe a jikin abu na haɗuwa da wata iska mai asid da kan taru a cikin ɗaki, wadda ke fitowa daga harshen wutar gas da sauran abubuwan da ake ƙonawa, da kuma salansar mota. In sun haɗu sai su haifi sinadaran da ake kira naitrosamin. Ɗaya daga cikinsu, NNK, hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Wani kuma, NNA, ba a cika samunsa a sabon hayaƙi ba, sai a wanda ya kwana. A gwajin nasu, cikin awa uku kacal yawan waɗannan sinadarai ya ninka kusan sau goma a jikin abin da suka gwada, wanda da gangan suka zaɓe shi daga dangin auduga. Sun kuma same su a cikin motar wani mai yawan shan taba. Duk wanda ya san zaman ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Tudun Wada ko Sabon Gari, inda riga ke rataye a ƙusa, ƙaramar tukunyar gas ko risho na ci a bakin ƙofa, janareton maƙwabci na tuƙa hayaƙi ta taga, ba sai an zana masa hoton ba.

Shin abin da riga ta ɗauko na isa ga wani? Gwajin da ya fi burge ni a nan an yi shi ne a wani gidan kallo a birnin Mainz na Jamus, aka wallafa shi a 2020. Shekara 15 ba a sha taba a zauren ba. Masana daga Jami'ar Yale da abokansu na Jamus suka kafa na'ura a bututun da iskar zauren ke fita. Da zarar 'yan kallo sun fara shigowa sai sinadaran taba su yi sama, musamman a finafinan manya, a na yara kuwa abin ya yi ƙasa sosai. Da suka kwatanta wasu daga sinadaran, sai suka ga wanda ke zaune a zauren ya shaƙi kwatankwacin hayaƙin kara 1 zuwa 10 da wani ya sha kusa da shi, alhali ba wanda ya ƙyasta ashana. Jikin mutane da tufafinsu ne suka shigo da shi. A 2016 kuma an samu nikotin a jikin kwalaben jarirai bakwaini da gadajensu a wani asibiti a Houston ta jihar Teksas, wurin da ko kusa ba a shan taba, aka kuma ga alamarsa a fitsarin jariran da iyayensu mata ke sha.

Babba da ya shaƙi wannan, jikinsa na da girman da zai ɗauka. Matsalar ta ƙananan yara ce. Yaro na numfashi da sauri fiye da babba, in aka auna da nauyinsa ya fi babba shaƙar iska. Fatarsa ba ta yi kauri ba. Hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba. Uwa uba, komai ya samu baki yake kaiwa. A tsaya a kalli dawowar uba gida da yamma: mai tafiya ya sheƙo da gudu yana oyoyo, ya tusa fuska cikin riga, mai rarrafe ya kama ƙafar wando ya miƙe, na goye kuma a miƙo shi, uba ya ɗora shi a ƙirji, kafin a gama sannu da zuwa ya cafki bakin aljihu ko igiyar wuya yana tsotsa, yawu ya jiƙa wurin sharkaf. A tuna gwajin Riverside: ruwa kawai auduga ke jira ta saki abin da ta riƙe. Yawun jariri ruwa ne, gumi ma ruwa ne.

Mutanen Zamfara ba sa bukatar a koya musu cewa guba na iya shigowa gida ba a gan ta ba. A 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A cikin gidaje ake daka dutsen, ƙurar na kwanciya a tsakar gida, tana kuma bin tufafin masu aikin, manya na ta harkokinsu yara na faɗuwa, domin su ne ke rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki. Ba ina haɗa girman masifun biyu ba ne, ko kusa, dalma ta kashe cikin makonni. Hanyar ce iri ɗaya, daga tufar babba zuwa ƙura, daga ƙura zuwa bakin yaro. Hayaƙin taba ma, in za a bi diddigi, na ɗauke da 'yar dalma a cikinsa.

Akwai kuma hanyar fata, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Nikotin na ratsa fata cikin sauƙi. Shi ya sa ake yin maganin daina taba a siffar filasta da ake mannawa a dantse, shi ya sa kuma masu tsinkar ganyen taba da raɓa kan kamu da jiri da amai. Masu bincike a Denmak sun sa mutane cikin ɗaki mai nikotin a iska, suka ba su tsabtatacciyar iskar shaƙa ta daban, duk da haka nikotin ya bayyana a fitsarinsu, ta fata ya shiga. Riga mai tsabta ta kare su, rigar da ta riga ta sha nikotin kuwa ƙara musu ta yi. A 2022 wani gwaji a Kalifoniya ya sa mutum 10 marasa shan taba suka sa kayan da aka turara da hayaƙi na awa uku, suna motsa jiki don su yi gumi, aka ga alamun lahani ga ƙwayoyin jiki sun ƙaru a fitsarinsu. Mutum 10 ba yawa ba ne, amma wanda ya san zafin Afrilu a Gusau ko Ƙauran Namoda, lokacin da ma'auni ke haura 40 riga na manne wa baya, zai ga me ya sa zancen gumin ya dame ni.

Yanzu a sa abin a ma'auninsa, don kada a mai da ƙaramin abu babba a manta da babban. Wanda ya fi cutuwa da taba shi ne mai shan ta. Na biyu shi ne wanda ake busa wa hayaƙi yana zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba sa sha, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ragowar da ke jikin tufa na bayan waɗannan biyun. Abin da aka tabbatar a kanta shi ne tana nan, tana daɗewa, tana shiga jikin mutane, a ɗakin gwaji kuma ta lalata ƙwayoyin gado na ƙwayoyin jikin mutum a wani bincike na 2013, ta kuma taɓa hanta da huhun ɓeraye tare da jinkirta warkewar rauninsu a wani na 2014. Wannan ya isa a ɗauki mataki, musamman a gidan da ke da jariri, ko mai ciki, ko mai asma. Bai isa a riƙa gudun mai shan taba a sahun salla ba, ko a hana shi gaisawa da mutane. Ƙyama ba ta taɓa sa kowa ya daina ba, ɓoyewa kawai take ƙara masa, mai ɓoyewa kuma shi ne ke sha a ƙuntataccen wuri, cikin mota da gilashi a rufe ko cikin banɗaki, inda tufa ta fi ɗauka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hanci a matsayin alƙali. In wari ya tafi, an ɗauka komai ya tafi. To sinadaran da ke ba da wari su ne masu saurin tashi, waɗanda suka fi zama kuma ba lallai a ji su ba. Shi kansa mai sha hancinsa ya dushe, ba ya jin abin da matarsa ke ji tun daga zaure. Sai a fesa turare, a shafa humra, a kunna na tsinke, ko a mayar da rigar kan kabbasa. Duk rufi ne, ba ɗaya da ke cire nikotin daga zare, turaren wuta ma wani hayaƙin ne aka ƙara a kan na farko. Guga ba tare da wanki ba ita ma ba magani ba ce, zafi na taso da wani abu daga cikin yadin, mai gugar ne ke sunkuye a kai. Shanya a rana da iska na rage wani abu, amma ba ta kai ruwa ba.

Ruwa da sabulu su ne maganin, kuma wannan shi ne ɓangare mai daɗi na binciken auduga: yadda take saki a bakin yaro haka take saki a bokiti. A jiƙa, a wanke, a ɗauraye da kyau, kayan da suka daɗe suna sha a maimaita musu. Kada a haɗa su ruwa ɗaya da kayan jariri, kada kuma a ɗauraye na jariri a ruwan da aka fara sa na uban, abin da ake yi da yawa inda ruwa na saye ne daga 'yan garuwa. Wanda bai iya dainawa ba tukuna, mafi sauƙin abin da zai yi shi ne ya ware wata riga ta sama da zai riƙa sawa in zai sha, ya bar ta a shago ko a zaure, kada ta shiga ɗaki. Ya cire hula in zai sha. In ya dawo ya wanke hannu da sabulu, ya wanke fuska da gemu kafin a miƙo masa yaro, in da hali ya watsa ruwa ya sake kaya. Uwar gida na iya ajiye wani tsabtataccen zani da za a shimfiɗa a kafaɗar duk wanda zai ɗauki jariri, ba sai ta faɗi dalili ba, kowa zai ɗauka don tumbuɗi ne, ba kuma wanda aka ci wa fuska ko da suruki ne. Matasa masu zuwa gidan shisha, maza da mata, duk wannan ya hau kansu, tabar shisha ma na da nikotin, ƙamshin tuffa ko na'ana'a bai canza komai ba, hijabi da mayafi kuma a fuska suke.

Mota sha'aninta daban. Kujerun soso da rufin sama na shan hayaƙi, ga wuri ƙarami, ga rana na dafa ta. Direban haya da ke sha a ciki yana jiran lodi, sannan ya kwashi mata da goyo zuwa Talata Mafara ko Funtuwa, ya bar musu abin da sauke gilashi ba zai fitar ba. Dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2015 ta haramta sha a motocin haya da wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta ma hana sayar da kara ɗaiɗai, ko da yake duk mai tireda ya san yadda wannan ta ƙare. Dokar dai ba ta da hanyar bin mutum cikin ɗakinsa ta duba abin da ke rataye a ƙusa. Binciken ƙasa na 2012 ya ƙiyasta manya masu shan taba ta hayaƙi a Najeriya sun kai kusan miliyan 3, mafi yawansu maza, kuma yawancin mazan nan gida suke komawa da dare.

Ko wanda Allah ya taimaka ya daina, aiki bai ƙare ranar da ya yar da kwalin ƙarshe ba. Matt da abokansa sun bi gidajen mutanen da suka daina, suka tarar bayan wata shida akwai sauran nikotin a ƙurar ɗakunansu. A wani binciken sun shiga gidajen hayar da masu shan taba suka tashi daga ciki, aka share aka gyara, bayan kusan wata biyu suka samu nikotin a yatsun sababbin masu haya da ba sa sha. Saboda haka mai dainawa ya kwashe kayan sif gaba ɗaya a wanke, har da waɗanda bai sa ba amma suka kwana tare da waɗanda ya sa, huluna su je wajen mai wanki, a sauke labule, a fitar da kafet da darduma a wanke, a goge bango da ƙofofi da ruwan sabulu. Matashin kai da ya yi shekaru yana karɓar gumin kansa da numfashinsa, in da hali a canza shi, don soso ba ya wankuwa har ciki. Wanda kuma zai kama ɗakin haya ya ga bango ya yi rawaya-rawaya a sama, ya wanke bangon kafin a shafa fenti, ba a shafa a kai ba.